Ƙofofin Ruwan da Na Toshe a Fadamar Kuje

Na zo Abuja ne don in koya wa manoma yadda ake noman shinkafa da ruwa kaɗan. Kafin ranin ya ƙare, na kusa ƙone shinkafar wata mata da ko gaisawa ba mu taɓa yi ba. Sunanta Mama Talatu. Fangalinta uku ne a ƙarshen wata fadama da ke bayan Kuje, kuma da su take ciyar da gidanta tun rasuwar mijinta.

Ni mutumin Gaya ne ta Jamhuriyar Nijar, a bakin kogin Kwara. Shekara tara na yi ina aikin malamin gona, ina kuma gabatar da shirin manoma a wani ƙaramin gidan rediyo na garinmu. Wani kamfani mai kwangilar horar da manoma ya ji labarina, ya kira ni. Aka ce in zo, akwai ɗaki, akwai babur.

Motarmu ta shiga Zuba da hantsi, bayan kwana biyu a hanya. Oga Piyus, shugaban aikin, shi ya ce zai tarye ni, amma wayarsa a kashe. Na zauna kan jakata har la'asar, sannan saƙo ya shigo: in wuce Kurudu, in nemi gidan baƙin kamfani kusa da wani injin niƙa. Na samu injin niƙan. Gidan baƙin kuwa kango ne babu rufi, har wani ya shuka kuɓewa a tsakar falon.

Ina tsaye ina kallo, wani tela ya leƙo daga shagonsa.

"Bawan Allah, tun ɗazu kake kallon ginin nan. Saye za ka yi?"

"A'a, an ce nan ne masaukina."

Ya yi dariya har ya dafa kekensa. "Kai ne na uku. Na farko ɗan Bauci ne, shi har kuka ya yi. Shigo ka sha ruwa."

Malam Tanimu ke nan, mutumin Zariya. Ya kwashe yadudduka daga ɗakin bayan shago, ya shimfiɗa mini tabarma. Bai tambaye ni takarda ba, bai tambaye ni ranar tafiya ba. Abu ɗaya kawai ya dame shi da ni, wato Hausata.

"Malam Isuhu, kai in ka ce ina kwana, sai in tsaya ina jiran kanun labarai. Nan Abuja ne, ka sassauta."

Ban iya sassautawa ba, sai sunan Mai Rediyo ya bi ni.

Abin da ya fi yi mini wuya a makonnin farko shi ne rashin kogi. A gida, in na tashi aiki nakan gangara bakin ruwa in tsaya, ba don komai ba. Nan duk inda na waiwaya dutse ne da rufin kwano. Matata Rakiya takan kira ni ranar Juma'a. Wata rana na ji ƙarar injin jirgin ruwa a bayan muryarta, sai na kasa bin abin da take faɗa.

Oga Piyus bai ambaci kangon ba da muka haɗu a ofis, ni ma ban ambata ba.

"Ka iso? Weldon, weldon. Babur yana hanya. Wannan aiki shap-shap ne, Malam Isuhu. Baƙi za su zo daga waje su ga abin da mun yi. Ni foto nake so, foto mai kyau."

Babur bai taɓa isowa ba. Kurudu da Kuje kuwa kusurwa biyu ne na Abuja. Mota uku nake shiga, sannan ɗan acaɓa. In na fita bayan asuba, sai hantsi ya ɗaga nake isa fadama, kuma dole in juya kafin la'asar. Na faɗi wannan ne don a san cewa sa'o'ina a gonar kaɗan ne. Ban faɗe shi don in wanke kaina ba.

Dabarar da na kawo ba ta da wuya. Ana yanka faif na roba tsawon kamu ɗaya, a huda rabinsa, a kafa shi a cikin fangali, a kwashe ƙasar cikinsa. A ba shinkafa ruwa, sannan a ƙyale ta. Ko saman ƙasa ya bushe, manomi ya leƙa faif, zai ga ruwa yana nan a ƙasa inda saiwa take sha. Sai ruwan ya sauka kamar taƙi ɗaya sannan a sake tayar da injin ban ruwa. Ruwa ya ragu, man inji ya ragu, shinkafa kuma ba ta ragu ba. Sharaɗi ɗaya ne: idan ta yi ciki ta fara fure, ba a wasa da ita. A wannan lokacin dole ruwa ya kwanta a gindinta, in ba haka ba ta fitar da kai babu ƙwaya.

Na raba faif ashirin ranar farko. Bayan mako guda na ga waɗansu an ɗaure musu doya, wani kuma an tsaga shi kaji na cin dusa a ciki. Mutum ɗaya ne ya saurare ni har ƙarshe, wani dattijo ɗan ƙabilar Gbagyi, Baba Danladi. Shi ke da inji a bakin gurbin da rafi ke barin ruwa da rani, kuma fangalinsa shida sun gangaro daga nan kamar matakala, har zuwa wani layin ayaba mai duhu.

"Malam, kai ka ce shinkafa ba ya son ruwa? Tun kakana shinkafa cikin ruwa yake kwana."

"Tana so, Baba. Amma ba kullum ba."

"Mai ya yi tsada, shi ya sa zan gwada. In ya mutu, zan kawo maka iyali na Kurudu, ka ba su abinci."

Ranar da muka kafa faif, na zagaya fangalin ina duba kunyoyin da suka raba su. A ƙasan kowanne na ga wata 'yar kafa, faɗin tafin hannu biyu, ruwa na zurara ta ciki zuwa na gaba. Ta ƙarshe tana zubarwa cikin ayaba.

A Gaya, magudanar siminti ce ke bin gonaki, kowane fangali da ƙofarsa, kuma akwai mai rabon ruwa. A can, kafa a jikin kunya aikin ɓera ne ko na sakaci, kuma wanda aka gani da ita yakan sha faɗa a taron manoma. Da wannan idon na kalli abin.

"Baba, ga inda manka yake tafiya. Sai an toshe waɗannan."

Ya kalli wajen ayabar, ya kalle ni.

"Haka takarda ya ce?"

"Haka aikin yake."

"To."

Na naɗe wando, na ɗebo laka da hannuna, na toshe su duka, na daddanna da ƙafa. Na tuna har wani daɗi na ji, irin na mutumin da ya gyara abin da kowa ke wucewa bai gani ba.

Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Da ƙasar Baba ta fara tsagewa, masu wucewa suka riƙa tsayawa. "Baba Danladi, gero ka koma shukawa?" Shi kuma sai ya kai su bakin faif ya ce su leƙa. Shinkafarsa ta yi 'ya'ya, ta yi duhu. Injin da yake tayarwa kusan kullum ya koma sau ɗaya a mako. Mutum biyu suka kwance faif daga doya suka kawo mini in kafa musu.

Oga Piyus ya zo da allo mai fenti. Ya ɗauki hoton gonar Baba ta fuska huɗu, kowane hoto da wani mutum daban a tsaye, ya rubuta sunaye huɗu. Na gani, ban hana shi ba. Ya ce baƙi za su zo ranar Alhamis ta sama, kuma yana so su tarar da ƙasa a tsage, shinkafa kore shar, su leƙa faif da idonsu.

Ranar Litinin ta makon, ina sauka daga acaɓa, wata mata ta tare ni a hanya. Doguwa ce, da ɗaurin zane na aiki, ga kwano babba a kafaɗa.

"Kai ne Malamin faif?"

"Ni ne, Mama. Ina kwana?"

"Kwana yana nan. Zo ka ga aikinka."

Ta wuce gaba, na bi ta. Muka bi gefen gonar Baba, muka kutsa cikin ayabar. Mako biyar ina zuwa fadamar, ban taɓa ƙetare layin nan ba.

Fangali uku ne a baya. Ta riga Baba dashe da kusan mako biyu, don haka tata shinkafar ta riga ta yi ciki, na saman ma ya fara fitar da kai. Ganyen ya nannaɗe kamar tsinke. Ƙasar ta tsage har ina iya zura hannuna. A gefe akwai wani rami da ta haƙa, da ɗan ruwa ja a gindinsa. Da kwanon nan take ɗiba tana watsawa, ita da 'ya'yanta mata.

Na san abin da nake kallo, domin ni nake koyar da shi. Kwana uku, in ya yi yawa huɗu.

"Mama, ina injinki?"

"Inji? Ga inji na." Ta nuna kafar da na toshe. Sawun ƙafata yana nan a jikin lakar, ya bushe.

Sannan ta yi mini bayani, a tsaye, ba tare da ɗaga murya ba. A fadamar nan, mai inji ba ya rufe ƙasan gonarsa. In ya ba tasa ruwa, abin da ya wuce na wanda ke ƙasa ne. Ba a saye, ba a roƙo, ba a ma godiya. Ranar dashe da ranar cire ciyawa, na ƙasa sukan hau su kama wa na sama aiki, shi ma ba ya kiransu. Haka suka tarar.

"Me ya sa ba ki gaya wa Baba ba?"

Ta dube ni kamar na yi maganar yara.

"Wan mijina ne. In je in tsaya a gabansa in ce ba ni ruwa? Ai ya san hanyan ruwa ya fi ni. Na ce ko gobe zai buɗe, ko jibi. Kai baƙo ne, kai zan iya gaya wa."

Na kira Oga Piyus daga nan inda nake tsaye. Na ce ruwa ba shi da hanyar zuwa wajenta sai ta cikin fangalin Baba shida, kuma in an yi haka baƙi za su tarar da su a cike.

"Malam Isuhu, abeg. Wannan mata yana cikin lis namu?"

"Ba ta ciki."

"To? Alhamis kawai. Juma'a ka ba shi ruwa har ya gaji."

"Oga, fure ba ya kai Juma'a."

"Kar ka taɓa mini wannan gona. Ka ji ni ko?"

Na ji shi. Na zauna a kan kunya na ɗan lokaci. Na tuna ɗakin bayan shago, da Rakiya da ke gaya wa mutane mijinta yana aiki a Abuja. Ba zan ce ban auna ba. Na auna, har na fara neman hujja: wataƙila a samu hadari, wataƙila shinkafar ta jure. Amma na yi shekara tara ina faɗa a rediyo cewa ba ta jurewa.

Na samu Baba a ƙarƙashin mangwaro yana wasa lauje. Na gaishe shi, na tsuguna. Na lura tun da na fito daga cikin ayabar yake kallona, don haka ya san inda na je. A hanya na shirya maganata. Na gane cewa in na ce masa ya bar matar ƙaninsa cikin ƙishi, zai kare kansa, ruwa kuma ba zai tafi ba.

"Baba, na yi kuskure a aikina. Kafofin nan da na toshe, ba ɓarna ba ne, ƙofofi ne. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Ina neman izini in buɗe abin da na rufe."

Ya ci gaba da wasa laujen.

"Ni na san ƙofa ne," ya ce. "Ka ce haka aiki yake. Na ce to, mutumin takarda ya faɗa, ba ni na faɗa ba. Kuma mai ya ragu." Ya ajiye dutsen wasa laujen. "Kullum ina jin ƙaran kwanonta. Ba na zuwa wajen."

Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Oganka fa?"

"Ya ce kar a taɓa."

"Gonan ubansa ne?"

Ya tashi ya nufi inji.

Da hannun da na toshe su na buɗe su. Ruwan bai yi sauri ba. Kowane fangali sai ya sha ya ƙoshi, tsagar ƙasa ta rufe, sannan ya miƙa wa na gaba. Mun tayar da inji kafin azahar, amma sai da rana ta yi sanyi ruwan farko ya ratsa ƙarƙashin ayaba, yana tura busasshen ganye a gabansa. Mama Talatu na tsaye da fartanya tana gyara masa hanya. Ba ta kalli kowa ba. Ranar na rasa motar ƙarshe, na kwana a zauren Baba, matarsa ta ba ni tuwon dawa da miyar karkashi. Washegari aka sake tayar da inji tun da safe.

Ranar Alhamis baƙi suka zo a motoci biyu. Suka tarar da allo mai cewa ga gonar da ake noma da ruwa kaɗan, a bayansa kuma ruwa kwance har idon sawu, faif ya cika ya batse. Wata daga cikinsu ta tambayi dalili ta bakin tafinta. Na faɗa mata yadda aka yi, tun daga lakar da na ɗebo. Ta rubuta wani abu. Ban san abin da ta rubuta ba, ban kuma sake jin labarinta ba. Oga Piyus bai yi mini magana a wurin ba. Da yamma saƙo ya shigo cewa kamfani ya gode da gudummawata.

Na koma Kurudu ba aiki. Malam Tanimu ya saurari labarin yana sa maɓalli a riga.

"Wato ka zo daga wata ƙasa ka koya wa mutane rowar ruwa, suka kore ka don ka yi kyauta da shi. Ga dutsen guga can. Ka iya, ko shi ma sai an kawo faif?"

Na yi guga a shagonsa, daga baya na samu aiki wurin wani mai sayar da iri da taki a Karu. Ban gaya wa Rakiya gaskiya ba sai bayan wata guda. Ta ce ta sani tun ranar, daga muryata.

Na je fadamar ranar da Mama Talatu ke sheƙa. Fangali biyu na ƙasa sun tsira. Na saman, wanda ya riga ya fitar da kai, ya tafi. Karan ya yi tsawo, kan ya yi fari, in ka murza babu komai. Tana ɗaga faifai, iska na kwashe kusan duka. Ta kira ni ta ce in buɗe hannuwana. Ta zuba mini mai ƙwaya a dama, ta zuba fankon a hagu.

"Wannan aikinka ne. Wannan ma aikinka ne. Ka kai wa masu takarda su gani."

Na ce ta yafe mini. Ta ce Allah ya riga ya raba abincin bana, in dai za su kai damina da rogo, shi ke nan. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Sannan ta tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa, cewa faif ɗin nan yana nuna ƙishin shinkafa kafin ganye ya nuna. Na ce gaskiya ne. Ta gyaɗa kai ta koma kan sheƙarta.

Na daɗe ina tunanin wannan tambaya a cikin mota. Dabarar ba ta da laifi. Ni ne na ɗauka ana koyar da ita gona-gona, alhali ruwan fadamar guda ɗaya ne, kuma na fara daga sama don na sama ne ke da inji da bakin magana.

Da rani ya zagayo, Baba ya sa aka kira ni a waya, ya ce za su yi dashe ranar Asabar, in ina da hali in zo. Na je a matsayin baƙo, ba allo, ba kamfani. Na tarar sun haɗa ranar dashe, nasa da nata, don shinkafar ta yi fure tare. Ƙofofin duk a buɗe. Mata na sunkuye a fangalin Baba, Mama Talatu a cikinsu.

Da aka gama, Baba ya shiga ɗakin inji ya fito da faif ɗin bara. Na miƙa hannu in karɓa in kafa masa, ya hana ni. Ya wuce fangalinsa na farko, ya wuce na biyu, ya wuce duka shida, ya kutsa cikin ayaba. Muka bi shi. Ya shiga fangalin Mama Talatu na can ƙarshe, ya kafa faif ɗin, ya kwashe lakar ciki da hannu.

Ni ya fuskanta da zai yi magana, ko da yake tana tsaye kusa da ni.

"Malam, ni zan riƙa zuwa ina leƙa wannan da safe. In ya sauka, in tayar da inji. Ba sai wani ya gaya mini ba."

Mama Talatu ta gyara ɗaurin zanenta. Ta daɗe tana kallon faif ɗin. Sannan ta juyo gare ni, ta rage murya, amma ba yadda Baba zai kasa ji ba.

"Malam, ka gaya masa faif ɗin ya karkace."

Ban kai ga buɗe baki ba, dattijon ya sunkuya ya miƙar da shi.